Ikko, Birnin Da Ke Kokawa Da Ruwa

Duk wanda ya buɗe taswirar Nijeriya zai hangi birnin Ikko, wanda a ke kira Legas, can ƙuryar kudu maso yamma, a maƙale tsakanin teku da wani makeken tafki wanda kogin Ogun da waɗansu koguna ke zuba a cikinsa. Sunan nan Legas Turawan Fotugal ne suka laƙaba wa wurin, ma'anarsa kuwa a harshensu tafkuna. Su Yarabawa masu gari Eko su ke cewa, a bakinsu ne kuma fataken Hausa suka ɗauko Ikko. Asalin garin wani ɗan tsibiri ne na masunta, kewaye da fadamu da taɓo. A shekarar 1861 Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta miƙa tsibirin ga Ingila, a 1914 ya zama hedkwatar Nijeriya duka, bai sauka daga wannan matsayi ba sai ran 12 ga Disamba, 1991, da gwamnati ta koma Abuja. Tashin gwamnati bai rage masa jama'a ba ko kaɗan. A yau mazaunansa sun haura miliyan 15, kullum kuwa motoci na sauke sababbi a tasha.

Abin da ya kamata baƙo ya fara sani shi ne, ƙasar Ikko a kwance ta ke kamar faifai. Unguwanni da dama ba su ɗara teku tudu da fiye da mita biyu ba, ruwan saman da ke sauka a shekara kuwa ya kan kai kusan ninkin na Kano, ya fi ƙarfi a watannin Yuni da Yuli. Sabo da haka a wannan gari maganar inda talaka zai kwana, da ruwan da zai sha, da hanyar da ruwan sama zai bi ya fita, duk magana ɗaya ce. Wanda ya ratsa birnin daga arewa zuwa bakin teku zai ga yadda kowane zamani ya gwada tasa dabarar, ya kuma bar alama.

IJU DA MASU RUWA

Matafiyin da ya biyo hanyar jirgin ƙasa daga Arewa, kafin ya isa Agege inda Hausawa 'yan goro suka kafa zango tun da daɗewa, zai wuce wani wuri da a ke kira Iju. A nan aka gina gidan ruwan famfo na farko na birnin. Kafin nan mutanen tsibiri rijiya su ke sha, rijiyoyin kuwa gajeru ne, ruwansu da zartsi, ga masai kusa da su. Da Turawa suka yi shawarar jawo ruwa daga Iju suka ce jama'a za su biya kuɗin ruwa, sai gari ya ɗauka. A 1908 dubban mutane suka fita zanga-zanga, suna cewa Turawa ne za su fi moran famfon, don me za a ɗora wa talaka kuɗinsa? Duk da haka aka ci gaba da aiki, Gwamna Lugga ya buɗe gidan ruwan a 1915, yana ba da wajen galan miliyan biyu da rabi a rana.

Daga baya an faɗaɗa Iju har ya kai galan miliyan 45, a 1991 kuma aka buɗe na Adiyan mai galan miliyan 70. Amma jama'a sun fi famfo sauri. Wajen shekarar 2016 lissafin hukumar ruwa ta jihar ya nuna dukan gidajen ruwanta in sun yi aiki sosai galan miliyan 210 za su iya bayarwa a rana, alhali bukatar gari ta kai miliyan 540. A ƙarshen wannan shekara wani masani na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum ɗaya ne kawai cikin goma ke samun ruwan hukuma.

To, sauran taran fa? Mai hali ya kan haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya ɗora tanki bisa ƙarfe. Marar hali sai ya jira 'yan ga-ruwa, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, masu tura kura cike da jarkoki lungu-lungu. Har ma kalmar ta shiga bakin mutanen gari, Bayarabe da Inyamuri duk "mai ruwa" su ke kiransu. Talakan da ke sayen jarka ya fi mai famfo biyan kuɗi da yawa a kan kowane galan. Yawan burtsatsen nan kuma yana da nasa illar, don in aka tsotse ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa a kusa da gaɓa, ruwan gishiri ne ke kutsowa ya maye gurbinsa, ƙasar kanta kuma ta riƙa nitsewa a hankali. A watan Yuni na 2024 cutar kwalara ta ɓarke a jihar, ta fi tsanani a tsohon tsibirin. Gari ne da ruwa ya kewaye ta ko'ina, amma ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

SURULERE

In aka gangaro kudu aka wuce Mushin, sai Surulere, watau "haƙuri yana da riba" da Yarabanci. Labarin wannan unguwa daga ɓera ya faro. A 1924 annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta shiga tsibirin Ikko, ta shekara da shekaru tana kisa, musamman a unguwar Oko Awo inda gidaje ke cunkushe cikin taɓo. Sabo da wannan ne a 1928 aka kafa hukumar raya birnin Ikko, aka ba ta ikon rushe gidaje, da cike fadamu, da yanka sababbin filaye kamar na Yaba.

Babban aikinta ya zo a 1955, sa'ad da a ke shirin samun mulkin kai, shugabanni na jin kunyar a ce tsakiyar hedkwatar ƙasa kwatami ce. Aka shata eka 70 a tsakiyar tsibiri za a rushe, aka gina wa mazauna sababbin gidaje a Surulere, masu famfo da makewayi na zamani da tituna a miƙe. A takarda babu abin kushewa. Amma wani Bature masanin zaman jama'a, Peter Marris, ya bi mutanen da aka tasa gida-gida, ya buga littafi a kansu a 1961. Abin da ya tarar shi ne, a tsibiri dangi a babban gida ɗaya su ke zaune kamar gidan gandu, kaka da jikoki da kishiyoyi, sababbin gidajen kuwa na miji da mata ɗaya da 'ya'yansu aka zana. Matan da ke ciniki a ƙofar gida suka rasa masu saye, maza suka koma biyan kuɗin mota kullum zuwa wurin aiki, ga kuɗin haya a kan waɗanda dā a gidan gado su ke. Da yawa suka kasa, suka bar gidajen suka nemi ɗakuna masu araha a bayan gari, inda cunkoson da a ke gudu ya sake tsirowa. Mai zanen ya auna iska da haske da faɗin titi daidai, abin da ya manta shi ne ya tambayi mai shiga gidan da me ya ke ci.

FESTAC DA GIDAJEN JAKANDE

A kan hanyar Badagiri akwai garin Festac, wanda Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina cikin zamanin kuɗin man fetur don saukar da baƙin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977. Wurin fadama ne aka cike da yashi, aka gina gidaje wajen 5,000. Manyan titunansa bakwai ne, kowane da lambarsa, ƙananan hanyoyi na fita daga jikinsu kamar rassan itace. Aka binne bututan kwashe ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa, aka bar filaye fili don shan iska da tsotse ruwa, aka haƙa magudanai a kewaye. Da aka watse daga biki sai aka raba gidajen ta hanyar ƙuri'a, ƙaramin ma'aikaci ya sami kansa maƙwabcin babban sakatare. A lokacin babu unguwa irinta a ƙasar nan.

Wanda ya je bayan shekara talatin ya ga abin tausayi. Injunan tace ƙazanta sun tsaya, an gina shaguna da gidaje a filayen da aka bari, magudanai sun toshe, da damina ruwa ya kan kwanta a tituna. Zanen Festac ba shi da laifi, masu kula ne aka rasa.

Alhaji Lateef Jakande, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1979 zuwa 1983, wata hanya ya bi. Ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin, da Iponri, da Abesan, da Iba, da Oke-Afa, da sauransu. Benaye ne marasa tsawo, ba ado ba ƙawa, duk zane ɗaya, don a gama da wuri kuma malamin makaranta da akawu su iya saye. Har yau iyalai na ciki, ko da ya ke da yawansu sun tsufa suna neman gyara. Kusa da na Oke-Afa akwai wata babbar magudana mai mugun tarihi. Ran 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai na barikin soja a Ikeja ya fashe, jama'a suka ruga cikin firgita. Ciyawar ruwa ta rufe fuskar magudanar, masu gudu suka zaci ƙasa ce, suka yi ta afkawa. Fiye da mutum 1,000 suka rasu a wannan masifa, akasarinsu a cikin ruwan nan, da yawa kuwa yara ne. Allah ya ji ƙan musulmin da suka riga mu.

DAGA TSIBIRI ZUWA MAROKO

A tsohon tsibiri, tsakanin dogayen benayen bankuna da kasuwar Balogun, da ƙyar baƙo zai gane fadama ce dā. Gwamna MacGregor, wanda ya yi mulki daga 1899 zuwa 1904, likita ne, ya kuwa ɗauki sauro babban abokin gāba. Shi ya sa aka haƙa wata doguwar magudana don tsane fadamun gabashin gari, ita ce ta raba Ikoyi da tsibirin. A gefenta ne unguwar Obalende ta ke, inda tsofaffin sojoji, da yawansu Hausawa, suka fara zama.

In aka ƙetare zuwa Tsibirin Biktoriya aka nufi gabas, za a shiga wata unguwa ta manyan otal-otal da gidajen masu kuɗi. A nan Maroko ta ke dā. Waɗansu daga cikin mazaunanta gwamnati ce da kanta ta zaunar da su can a ƙarshen shekarun 1950, bayan ta tashe su daga wasu wuraren. Unguwar ta cika ta batse da direbobi da kukum gidaje da 'yan ƙwadago masu yi wa Ikoyi hidima, ba famfo ba magudana, da damina sai a kan katako a ke tafiya. A watan Yuli na 1990 gwamnan soja, Kanar Raji Rasaki, ya ba su kwana bakwai su tashi, a kan cewa wurin ya yi ƙasa da teku, zama a cikinsa haɗari ne. Wa'adi na cika katafila ta shiga, da tsakiyar damina. An ƙiyasta mutum 300,000 suka rasa muhalli. Kaɗan ne aka ba wuri a gidajen Ilasan da Ikota da Epe, waɗanda ba a ko gama ba. Sa'an nan aka cike filin da yashi, aka yanka fuloti, aka sayar da tsada. Ashe ƙasar tana gyaruwa, sai dai ba a gyara ta don masu ita ba.

GANUWA A BAKIN TEKU

Gaɓar kudu ta Tsibirin Biktoriya, wadda a ke kira Bar Beach, dā wurin shan iska ne na mutanen gari. Abin da ya ci ta aikin hannun mutum ne. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera manyan duwatsu suka miƙa su cikin teku a bakin mashigin tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe hanyar jirage. A wannan gaɓa kuwa igiyar ruwa daga yamma ta ke ɗauko yashi tana kai shi gabas. Da duwatsun suka tare hanya sai yashi ya taru a yamma, gabas ta rasa mai kawo mata, teku ta yi ta zaizayarta har ta cinye fiye da kilomita guda. Wajen 2005 ruwa ya kai ga yanke wani sashe na titin Ahmadu Bello.

Maganin da aka kawo shi ne Eko Atlantic. Daga 2009 jiragen kwasar yashi suka riƙa tsotso shi daga gindin teku suna zubawa a gaɓa, da nufin samar da sabuwar ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 10, wadda za ta ɗauki mazauna 250,000. Aka kāre ta da wata ganuwa ta duwatsu da curin kankare, kowane curi tan biyar, an tsara tsawonta zai kai kilomita takwas da rabi. An zana wa sabon garin nasa magudanai da ruwan sha da wutar lantarki. Lalle ganuwar ta tsare Tsibirin Biktoriya daga teku. Amma masu suka sun ce zaizayar gabas ta matsa, zuwa ƙauyukan masunta na gaɓar Lekki, sun kuma ce ba ɗaki ko ɗaya a ciki da ɗan Maroko zai iya kamawa.

Ganuwa kuma ba ta hana ruwan sama. Ran 10 ga Yuli, 2011, aka yi ruwa na wajen awa 17, ya kashe akalla mutum 25, a Yulin 2017 kuma Lekki da Tsibirin Biktoriya suka sake nitsewa har mutane na tuƙa kwalekwale a kan kwalta. Dalili a fili ya ke. Fadamun da ke shanye ruwa kamar soso an cike su da yashi an shafe da siminti. Magudanan da suka rage sun cika da leda da robobi, shi ya sa a Janairun 2024 gwamnatin jihar ta haramta mazuban abincin nan na farin soso da a ke yarwa. In kuma ruwan sama ya zo daidai da cikowar teku, tafki ya kan tumbatsa ya fi bakin magudana tudu, ruwa ya rasa inda zai zuba, sai ya komo cikin gidaje.

MAKOKO

Mai bin Gada ta Uku, wadda aka gama a 1990 mai tsawon kilomita 11.8, in ya dubi wajen Yaba zai ga rufin kwano birjik bisa ruwa, hayaƙi na tashi daga cikinsu. Makoko ke nan, garin masunta waɗanda akasarinsu Egun ne, masu asali da Badagiri da ƙasar Dahome. Su ba su cike tafki ba. Dirkoki su ke kafawa cikin taɓo su ɗora ɗakin katako, in ruwa ya cika ya wuce ta ƙarƙashi, in ya janye ya janye. Titunansu ruwa ne, yaro ɗan shekara shida ya iya tuƙa kwalekwale, mata na yawon tallar abinci a cikinsa, kifin da su ke ƙyafewa kuwa yana shiga kasuwannin birni. Wahalarsu ita ce ta tsabta, don ƙazanta a cikin ruwan ta ke zuba, ruwan sha kuwa saye a ke yi. A Yulin 2012 hukuma ta ba wani sashe awa 72, ta sassare dirkokin gidaje, dubbai suka kwana cikin kwalekwale.

A wannan lokaci ne wani masanin zanen gine-gine, Kunle Adeyemi, haifaffen Kaduna wanda ya yi aiki a ƙasar Holan, ya gwada wata dabara tare da kafintocin unguwar. Suka ɗaure gangunan roba 256 a ƙarƙashin wani dandamalin katako mai faɗin mita 10 kowane gefe, suka ɗora gini mai hawa uku, mai siffar dala, faɗi a ƙasa tsini a sama don kada iska ta kifar da shi. Hawan ƙasa filin wasa ne da taron jama'a, na sama azuzuwa, za su ɗauki yara 100. Rufin na tara ruwan sama, yana kuma ɗauke da faifan samar da lantarki daga hasken rana. Aka gama a 2013, labarinta ya zaga duniya, a watan Mayu na 2016 wani samfurinta ya ci lambar girma a birnin Benis na Italiya. Ran 7 ga Yuni na wannan shekara, bayan wani ruwa mai ƙarfi, makarantar ta rushe. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, don tun watanni kafin nan an kwashe yara sabo da ginin ya fara rauni. Ginin gwaji ne na katako a cikin ruwan gishiri, yana bukatar gyara a kai a kai, ba a kuwa tsai da wanda zai ɗauki nauyin gyaran ba. Ciwon Festac ne ya kama ta.

A 2014 mutanen Makoko da masana suka miƙa wa gwamnatin jihar wani tsari na gyara unguwar a inda ta ke ba tare da an tashe su ba. Amma rusau bai tsaya ba a bakin tafkin. Tsakanin 2016 da 2017 aka kori wajen mutum 30,000 daga Otodo Gbame a yankin Lekki, har babbar kotun jihar ta yanke hukunci a Yunin 2017 cewa korar mutane haka ba tare da shawara da su ko ba su wani wuri ba ta saɓa wa tsarin mulki.

Abin da shekaru ɗari na wannan kokawa suka nuna bai tsaya ga Ikko kaɗai ba. Duk inda aka tashi talaka ba a ba shi wurin da zai ci gaba da sana'arsa ba, wata fadamar zai koma ya kafa bukka, an gudu ba a tsira ba. Duk ginin da ba a ware kuɗin kula da shi ba tun ranar aza harsashi, kwanansa ƙidayayye ne. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, ko an yi bene a kanta. Garuruwan Arewa da ke cike kududdufansu na gado suna yanka shaguna a kai, kamar yadda a ke gani a birnin Kano, ya kamata masu tsara su su zo su duba Lekki da damina, su kuma tambayi tsofaffin Maroko da ke Ilasan yadda aka yi. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya kiyashe mu da ambaliya, amin.